Kafin ɗanki ya bi abokai kallon ƙwallo a ƙasar waje

Tun da Najeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024, ake jin samari a Ikara, Makarfi da Kudan suna zancen haɗa kuɗi su je su kalli gasa da idonsu.

Ni dai ban ga laifin tafiyar ba. Kati ne damuwata. Ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza a hannun ɗan Najeriya, sai yara su ɗauka fasfo ya wadatar. Alhali Benin, Togo, Gana da Kwaddibuwa duk suna neman katin rigakafin shawara, kuma sai allurar ta kwana 10 a jiki katin zai fara aiki. Wanda ya yi ta ana gobe tafiya, ana iya tsare shi a boda abokai su wuce.

Katin awon da kika adana tun yana wata 9 ba shi ake nunawa ba. Na tafiya daban ne, a ofishin lafiya na filin jirgi ake karɓarsa, kamar na Malam Aminu Kano. Don Allah kada ki bari ya sayi na bogi, shawara kisa take yi. Allura ɗaya ce kuma, ba a sake ta har abada.