Fenti Ya Bushe Amma Bai Yi Ƙwari Ba: Yaushe Za A Mayar Da Kayan Ɗaki?

Yau zancen fenti za mu yi. A gida idan ɗaki yana son fenti, mai fenti ake kira ya zo da yaransa da tsaninsa, a fitar da kaya tsakar gida su sha iska har a gama. A nan ƙasashen kuwa kuɗin aikin mai fenti ya fi kuɗin fentin nesa ba kusa ba, shi ya sa ɗalibi da magidanci duk mun zama masu fenti. A sayo gwangwani da rola ranar Asabar, a tara kujeru da gado a tsakiyar falo, a shafa. Da yammacin Lahadi mutum ya sa yatsa a bango ya ji ba ya kamawa, ga aiki gobe Litinin, ga yara ba wurin zama, sai a tura komai inda yake. Bayan wata biyu a ja kujera za a yi shara, a tarar bayanta ya ɗebo fenti, bangon ya yi zane kamar an yakushe shi.

Abin da ke jawo haka shi ne, bushewar fenti daban, yin ƙwarinsa daban. Fentin bango na ruwa, wanda ake kira imolshan a Najeriya da Ingila, a Amurka kuma leteks, haɗi ne na launi da ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu aikin ƙaro. Da an shafa shi ruwan sama ke fara tashi, cikin awa 1 zuwa 2 sai ka taɓa ba ka ga komai a hannunka ba. Bayan kamar awa 4 ana iya yin shafi na biyu. Wannan ita ce bushewa, kuma ita ce aka fi rubutawa da manyan baƙi a jikin gwangwani. Amma a ƙarƙashi aiki bai ƙare ba. Sai ƙwayoyin robar nan sun matso kusa da juna sun narke sun zama fata ɗaya, sauran ruwan da sinadaran da ke taimaka musu narkewa sun fice a hankali. Wannan yakan ɗauki mako 2 zuwa 4. Kafin nan fentin yana da laushi, duk abin da ya danne shi zai bar alama ko ya manne masa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gini a gida ya san irin wannan. Bulo yakan bushe a ido washegarin buga shi, amma babu maginin kirki da zai ɗora shi ranar, kuma injiniyoyi sai a kwana na 28 suke auna cikakken ƙarfin kankare.

Fentin mai, wato mai sheƙin nan da ake yi wa ƙofofi da katakon gindin bango, nasa lissafin daban ne. Yana jinkirin bushewa, awa 6 zuwa 8 kafin a taɓa, awa 16 zuwa 24 kafin shafi na biyu, domin haɗuwa yake yi da iskar oksijin ya taurare. Kamar mako guda yake bukata kafin ya jure gogayya. A nan ne mutane ke rufe ƙofa da dare bayan sun shafe ta da rana, da safe a buɗe ta da ƙyar, fentin bakin ƙofar ya biyo firam.

Duk waɗannan alƙaluma kuma kamfanoni suna auna su ne a ɗaki mai matsakaicin ɗumi, wajen digiri 20 zuwa 25, da matsakaicin danshi. Mu kuwa idonmu ya saba da Kano ko Damagaram lokacin hunturu, inda za ka shanya riga kafin ka gama sallar azahar ta bushe ƙayau. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya kai shi Mancesta ko Hambog a watan Janairu, zai sha mamaki. Sanyi da danshi suna riƙe ruwa a cikin fenti, abin da zai yi mako biyu sai ya haura wata. Yawancin gwangwanaye ma sun rubuta kada a shafa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, wato 50 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, saboda a irin wannan sanyin ƙwayoyin robar ba sa haɗewa da kyau, fentin ya zo yana tsagewa ko yana barin gari a hannu. 'Yan'uwanmu na Jidda da Kumasi da Duwala sanyi ba ya damun su, danshi ne matsalarsu. Na Riyad da Hartum kuma zafi ne: idan bango ya ɗau zafi sosai, saman fentin yakan bushe da wuri ya rufe ruwan da ke ciki, shi ya sa aikin sassafe ya fi. Launi mai duhu, kamar shuɗi mai turuwa ko kore shar, ya fi fari jinkiri saboda yawan launin da aka zuba masa, haka ma shafi mai kauri. Sirara biyu sun fi mai kauri ɗaya.

To, yaushe za a mayar da kaya? Ga yadda nake ba da shawara. Bayan awa 24 ana iya shigo da kaya cikin ɗaki, a kwana, a zauna, muddin babu abin da ya taɓa bango. Hotuna da agogo da labule su jira kwana 2 ko 3. Manyan kaya masu jingina, irin su kujerun kushin da kan gado da sif, wasu na cewa kwana 3 ya isa, ni dai na fi natsuwa da mako guda, idan lokacin sanyi ne ma mako biyu. Kujerar leda ta fi kowace illa, domin ita da fenti mai laushi kamawa suke yi kamar an sa musu gam. Idan kanta ko bakin taga aka yi wa fenti, inda za a ɗora littattafai ko tukunyar fulawa ko wani abu mai ƙafar roba, a ba shi mako 3 zuwa 4, saboda nauyi a kansa yake kai tsaye. Wanke bango da soso kuma sai bayan wata. Idan yaro ya sa hannun miya kafin nan, a dangwala da tsumma mai ɗan ruwa, kada a goga.

Akwai gwaji mai sauƙi. Nemi wani lungu da ido ba ya kaiwa, bayan ƙofa ko can ƙasa, ka danna farce a hankali. In ya bar shaida, da saura.

Ko bayan ya yi ƙwari, a ƙasashen sanyi kada a manna sif ko gado da bangon da ke kallon waje. A bar tazarar faɗin tafin hannu, kamar santimita 5 zuwa 10, iska ta riƙa ratsawa. Bangon waje sanyi gare shi, tururin girki da wanka yana kwanciya a kansa ya zama raɓa, inda babu iska kuwa nan baƙar fumfuna take tsirowa, ita kuma tana tayar da asma, musamman ga yara.

Mai son ya rage jira, iska zai nema. A buɗe tagogi, a kunna fanka tana juya iskar ɗakin ba tare da an saita ta a bango ba, a bar hita a matsakaici. Mai na'urar tsotse danshi ya yi amfani da ita. A daina shanya wanki a wannan ɗakin na ɗan lokaci. In banɗaki aka shafa, a jinkirta wanka da ruwan zafi kwana 2 ko fiye, in ba haka ba tururi zai fito da wasu layuka masu maiƙo suna gangarowa a bango. Mai ciki da jariri da mai asma kuwa gara su ƙaurace wa ɗakin kwana 2 zuwa 3, ko da an rubuta fentin ba shi da wari.

Sai maganar turaren wuta, kuma a nan iyayenmu mata nake roƙo. Na san abu na farko da uwargida za ta yi idan warin fenti ya dame ta shi ne ta ɗora kasko ta rufe ƙofa. Hajiya, a yi haƙuri. Hayaƙin yana ɗauke da maiƙo da baƙi, fenti mai laushi kuma yana riƙe su, sai farin bango ya fara rawaya tun bai yi wata ba, ga shi ba halin wankewa. Rufe ƙofar ma tsare warin yake yi a ciki. A bari a yi mako biyu, sannan a turara yadda ake so. Haka masu shirin biki: a yi fenti Alhamis a yi jere Juma'a, wannan ɓarnar kuɗi ce. Idan an sa rana, a kira mai fenti aƙalla mako biyu kafin 'yan jere su zo, domin su idan sun zo babu mai hana su manna gado da bango.

Ga mai zaman haya, abin ya wuce ado, maganar aljihu ce. A Ingila, tun 2019 doka ta ƙayyade kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa a kan kuɗin hayar mako 5 ga yawancin gidaje, a Jamus kuwa yana iya kaiwa na wata 3. Daga cikinsa ake yankar kuɗin gyara ranar tashi, kuma bangon da ya ɓare yana cikin abubuwan da ake fara dubawa. Saboda haka a nemi izinin mai gida a rubuce kafin a buɗe gwangwani, a ɗauki hoton bangon kafin aiki da bayansa, a kuma ajiye ragowar fentin a rufe ruf, a inda ba zai daskare ba, tare da rubuta sunan launin da ranar da aka shafa a jikin murfin.