Mun Daɗe Muna Kallo, Ba Mu Tambaya Ba

Tun daga shekarun 1950, sa'ad da 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya a Kano da Kaduna da Jos, har ya zuwa yau da ake kallonsu a wayar hannu da fassarar Hausa, da wuya a sami Bahaushen birni wanda bai taɓa ganin tsohuwar nan ba, wadda takan yi wanka da asuba, ta lulluɓe kanta da gefen zanenta, ta tsaya gaban wata 'yar kusurwa ta ɗaki inda aka jera hotuna masu launi, hannunta na dama yana kewaya faranti mai fitila a gaban hoton, na hagu yana kaɗa 'yar ƙararrawa. Abin da muka saba yi shi ne mu nemi tsari, mu ce ana bautar gunki, mu jira a wuce wurin a koma ga waƙa da faɗa. Neman tsarin kuwa daidai ne, domin tauhidi ba abin ciniki ba ne, kuma ba ni da nufin in sassauta hukuncin da shari'a ta yanke a kan sujada ga wanin Allah. Abin da nake ganin aibi ne gare mu shi ne, al'ummar da ta fi shekara sittin tana zura wa abu ido, ta haddace sunayen 'yan wasa da na matansu, amma ba ta iya faɗin dalilin da ya sa wancan hoto yake da hannu huɗu, wancan kuma yake da kan giwa.

A gidan mabiyin addinin Hindu, talaka ne ko attajiri, akwai wurin da aka keɓe domin ibadar da suke kira puja. Mai hali yakan ware mata ɗaki guda, marar hali kuwa ya kafa ɗan katako a bango, sau da yawa a kusa da madafa, tun da yake mata ne suka fi tsayuwa da wannan hidima safe da yamma. Ba a zuwa wurin da takalmi, ba a taɓa shi sai da wanka. Za ka ga 'yar fitilar tagulla ko ta yumɓu mai lagwanin auduga da man shanu, da turaren tsinke yana hayaƙi, da sarƙar furanni ruwan ɗorawa da aka rataya a kan gilashin hoton, da ɗigon jan gari da aka shafa a goshin surar, har gilashin ya dushe a daidai wurin saboda yawan shafa. A gaba kuma akwai ɗan kwano na ayaba ko kwakwa ko alewa, wanda bayan an miƙa shi sai a raba wa mutanen gida su ci da niyyar neman albarka. Tsarin abin duka tsarin karɓar babban baƙo ne: a ba shi ruwa, a yi masa ado, a kunna masa fitila, a kawo masa abinci, sa'an nan a yi masa sallama.

Jigon al'amarin a wurinsu yana ga ido. Sun yi imani cewa mai ibada yana duban abin bautarsa, shi ma abin bautar yana dubansa, kuma wannan haɗuwar idanu, wadda suke kira darshan, ita ce maƙasudin tsayuwar. Saboda haka ne kusan duk hoton da za ka gani a irin wannan kusurwa yake fuskantarka kai tsaye, da manyan idanu a buɗe, ba ya kallon gefe; saboda haka ne kuma masu sassaƙa sukan bar idanu sai a ƙarshen aiki, a buɗe su da biki na musamman.

To, sai mu zo ga alamomin da ke jikin hotunan, waɗanda su ne suka fi ba ni sha'awar bincike, domin mai zane ba shi da ikon ya sa abin da ya ga dama. Akwai tsofaffin littattafai na Sanskrit da suka ƙayyade masa tsawon gaɓoɓi, da yadda za a riƙe yatsu, da abin da kowane hannu zai ɗauka. Yawan hannuwa a wurinsu ishara ce ga yawan iko. Tafin hannun da aka ɗaga yana fuskantar mai kallo ma'anarsa kada ka ji tsoro, wanda aka sauke ƙasa a buɗe kuwa ma'anarsa kyauta. Bishnu, wanda suke ɗauka mai kiyaye duniya, ana zana shi shuɗi, launin sama da teku, yana riƙe da ƙaton kwanson teku da ake busawa, da faifan yaƙi, da kulki, da furen bado. Lakshmi, wadda 'yan kasuwa suke kunna wa fitilu a bikin Diwali, tana tsaye ko zaune a kan bado, furen da yake tsirowa daga taɓo amma ya fito fes, tsabar zinariya tana zuba daga tafinta, kuma masu sharhinsu sukan ce hannuwanta huɗu su ne manufofi huɗu na rayuwar ɗan Adam a karantarwarsu: tsayuwa a kan wajibi, da neman dukiya, da jin daɗi, da kuɓuta daga maimaita haihuwa. Saraswati kuwa, wadda ɗalibai suke ajiye littattafansu a gabanta, farar tufa take sawa, tana riƙe da molo mai dogon wuya da littafi da carbi, a gefenta akwai farar dinya wadda almararsu ta ce tana iya tsame madara daga cikin ruwa, wato rarrabe gaskiya da ƙarya, wanda shi ne aikin ilmi.

Wanda ya fi ɗaure wa 'yan kallonmu kai shi ne Ganesha mai kan giwa da ƙaton tumbi, alhali kuwa shi ne aka fi samu a ƙofar gida da kanti da gaban mota, domin shi suke kira a farkon kowane aiki da zaton yana kawar da cikas. Manyan kunnuwansa suna nuni ga yawan saurare. Haurensa ɗaya a karye yake, kuma ɗaya daga cikin ruwayoyinsu ta ce shi ya karya shi ya mai da shi alƙalami, don ya rubuta littafin Mahabharata daga bakin malami Biyasa ba tare da ya tsaya ba. Ɗan ɓeran da ke gindin ƙafarsa kuwa wasunsu sun fassara shi da son zuciya, wanda yake ɓarna a ɓoye in ba a hore shi ba. Ko mutum bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, lalle ya ga cewa yaron da ya tashi a gaban irin wannan bango ya karanta aƙidar gidansu tun kafin ya san baƙi da wasali.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan bango mai cike da hotuna sabon abu ne, bai kai shekara ɗari da hamsin da yaɗuwa ba. A da can, surorin tagulla da na dutse na haikali ne da na gidajen masu hali, ƙasƙantattun jinsuna kuwa, waɗanda tsarin ɗabaƙoƙin Hindu ya ce ba a taɓa su, ko ƙofar haikali ba a barinsu su shiga. Masarautar Travancore ba ta buɗe musu haikalanta ba sai a 1936. A cikin wannan masarauta aka haifi Raja Ravi Varma a 1848, wanda ya koyi zanen fenti irin na Turawa, ya riƙa zana allolin da fuskoki da tufafi irin na mutanen da ake gani a titi, sa'an nan a 1894 ya kafa maɗaba'a a Bombay da injunan Jamus, aka shiga buga Lakshmi da Saraswati dubu-dubu ana sayarwa da 'yan kuɗi kaɗan. Kafin ya mutu a 1906 maɗaba'ar ta riga ta koma hannun Bajamushen da ke kula da injunan, Fritz Schleicher, amma hotunan sun shiga ƙauyuka, sun hau kwalin ashana da tambarin yadi da kalandar 'yan kasuwa, daga baya garin Sivakasi na kudancin Indiya ya shahara da buga irinsu. Masana zane na zamaninsa sun zarge shi da cewa ya mai da alloli 'yan wasan kwaikwayo, kuma zargin bai rasa tushe ba. Sai dai mutumin da aka kora daga ƙofar haikali bai damu da wannan ba, tun da ya sami abin da zai rataya a bukkarsa.

Mu ma da rabonmu a cikin wannan tarihi, domin Dadasaheb Phalke, wanda ya yi fim na farko mai tsawo a Indiya a 1913, ya taɓa aiki da maɗaba'ar Ravi Varma, kuma kamannin da aka buga a takarda su aka ɗauka aka sa wa 'yan wasa. Har sa'ad da gidan talbijin na Indiya ya fara nuna wasan Ramayan a 1987, an ga iyalai suna rataya wa akwatin talbijin furanni suna kunna masa turare.

Kada kuma a zaci dukkan Hindu bakinsu ɗaya a kan wannan mas'ala. Ram Mohan Roy, wanda ya karanta Larabci da Farisanci, ya kafa ƙungiyar Brahmo Samaj a 1828 a kan bauta wa Ubangiji ɗaya ba tare da sura ba. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa Arya Samaj a 1875, ya ba da labarin cewa tun yana yaro, a daren da ake raya wa abin bautarsu Shiba, ya ga ɓeraye suna hawa kan abin bautar suna cin abincin da aka ajiye, daga nan shakka ta shige shi, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da bautar surori. A cikin masu yin ta ma, wani zai ce maka abin bautar yana sauka cikin surar haƙiƙatan, wani kuma ya ce ita dai abin tattara hankali ce ga wanda bai iya tunanin abin da ba shi da siffa. Duk mai son ya yi musu wa'azi ko muhawara, in bai san da wane daga cikinsu yake magana ba, zai yi ta harbin iska ne kawai.

Akwai kuma wata fa'ida ta sanin karatun waɗannan hotuna wadda ta shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Abin bautarsu Rama na tsofaffin kalandu mai murmushi ne, yana tsaye cikin natsuwa tare da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, Hanuman yana durƙushe a gabansu. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka zafafa gangamin karɓe Masallacin Babri na Ayodhya, sai ga wani Rama ya bayyana a fastoci shi kaɗai, da murɗaɗɗen jiki, ya ɗana baka, fuskarsa a murtuke, sama ta yi baƙi a bayansa. A ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin. Wanda ya san tsohon hoton ya ga abin da ke tafe a jikin sabon tun kafin a ɗaga gatari. Wanda duk gunki gunki ne a wurinsa bai ga kome ba. Haka nan kuma wanda ya san hotunan ne zai iya bambanta tsohuwar da ke roƙa wa ɗanta lafiya a gaban katakonta da ɗan siyasar da ya ari abin bautarta don ya tara ƙuri'a, bambancin da adalci ya wajabta mana mu yi.

Na san za a sami mai cewa tsawaita nazari a kan shirka hanya ce ta faɗawa cikinta. Amsata ita ce, magabatanmu ba su ga haka ba. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul An'am, ya hana mu zagin abin da waɗansu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Shahrastani ya ware wa mutanen Hindu babi a cikin Al-Milal wan-Nihal. Abu Raihan al-Biruni kuwa, wanda aka haifa a Khwarazm a 973, ya zauna a ƙarƙashin Sarki Mahmudu na Gazna, mai fasa gumakan Somnat, amma shi sai ya koyi Sanskrit, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafi a kan Indiya mai babi 80 a wajen shekarar 1030, inda ya bayyana tun a gabatarwa cewa nufinsa hikaya ne ba jayayya ba, ya kawo maganarsu yadda suke faɗinta, ya keɓe babi guda ga asalin bautar gumaka da siffofinsu, ya kuma lura cewa masanansu suna maganar Ubangiji ɗaya, surori kuwa an yi su ne domin gama-garin mutane waɗanda ba sa riƙe ma'ana sai sun ga siffa. Ba wanda ya ce imanin Biruni ya ragu da wannan aiki, kuma har yau Indiyawa da kansu suna komawa gare shi don su san yadda kakanninsu suka rayu.

Kirana ga malamanmu na jami'o'i da na zaure, musamman masu karantar da tauhidi da kwatanta addinai, shi ne su ɗauko wannan littafi na Biruni su karanta wa ɗalibansu babin gumaka, su kuma sami mai juya shi zuwa Hausa, don yaran da suke kwana suna kallon finafinan nan su sami bayani daga bakin malami Musulmi maimakon daga bakin mai fassarar fim. Littafin ba ɓoyayye ba ne: an buga matanin Larabcinsa a Landan a 1887, aka sake buga shi a Haidarabad ta Indiya a 1958.