Doka Ta Ba Mu Dama: A Kafa Hukumar Wutar Lantarki Ta Arewa Maso Yamma

Jama'ar Kano da Katsina da Jigawa, jama'ar Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi:

Babu wanda ya manta abin da ya same mu a ƙarshen watan Oktoba na 2024. Tun kafin nan 'yan ta'adda sun lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ma'aikatan TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta, kuma suka kasa shiga dajin su yi gyara saboda rashin tsaro. Sai aka ɗora nauyin Arewa a kan layin da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu, ya bi ta Makurɗi zuwa Jos. Ranar 21 ga wata shi ma ya katse. Aka wayi gari yawancin jihohin Arewa suna cikin duhu, aka kuma shafe fiye da mako guda a haka.

Mai walda ya kulle shago. Mai injin niƙa ya ninka kuɗi domin ya koma sayen dizal. Masu sayar da kifi da kaji na firji sun zubar da kaya, ƙanƙara ta gagari talaka, famfo ya ƙafe a unguwanni domin injinan tura ruwa ba su da wuta. Asibitoci suna lissafin litar mai kafin a shiga da mara lafiya tiyata. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda da ma da ƙyar suke numfashi, wasu suka tura ma'aikata gida. Gwamnonin Arewa da iyayenmu sarakuna sun taru a Kaduna sun koka. Bayan kwanaki wuta ta dawo, yara suka yi ihu a lungu, kowa ya koma harkarsa. Amma abin da ya jawo duhun yana nan: yawancin wutar da muke sha daga nesa take zuwa, ta ratsa dazuzzukan da ba su da tsaro, kuma babu wata hukuma tamu ta yanki da aka ɗora wa alhakin hana irin wannan sake aukuwa.

Da can muna da uzuri. Tun daga kafa NEPA a 1972, zuwa komawarta PHCN a 2005, zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, maganar wuta ta gwamnatin tarayya ce. Tsarin mulki bai yarda jiha ta yi doka a kan lantarki ba sai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Gwamna yana iya sayen taransifoma ya raba, amma ba shi da ta cewa a kan farashi ko lasisi ko yawan awannin da za a ba jama'arsa. Wannan uzuri ya ƙare. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da jigilarta da rarraba ta ko'ina a cikin iyakarsu. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Wutar Lantarki ta 2023. Yanzu jihar da ta yi dokarta, ta kafa hukumarta, ta sanar da hukumar NERC ta tarayya, sai a miƙa mata ragamar kasuwar wuta ta cikin gidanta.

Wasu ba su ɓata lokaci ba. A watan Afrilu na 2024 NERC ta ba da umarnin miƙa wannan iko ga Enugu da Ekiti da Ondo. Legas da Kogi da Neja da Filato da wasu sun biyo baya. A Aba kuwa, tun Fabrairun 2024 aka buɗe tashar kamfanin Geometric Power mai aiki da iskar gas, wadda ke ba garin da kewayensa wuta kai tsaye ba tare da jiran rabon Abuja ba.

Kiran da nake yi ya wuce kowace jiha ta kafa tata hukumar ta tsaya nan. Ina kira ne da jihohinmu bakwai su kafa hukuma ɗaya ta haɗin gwiwa, mallakar jama'a, wadda za ta riƙe sha'anin wutar lantarki na Arewa maso Yamma.

Dalili na farko shi ne yadda wayoyin suke a shimfiɗe. Kamfanin KEDCO shi ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric shi ke riƙe da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Yawancin wutar da ke isa Dutse da Haɗeja da Katsina ta tashar Kumbotso a Kano take bi. Sakkwato da Birnin Kebbi a kan layin Kainji suke, kuma daga Birnin Kebbin ne waya ta miƙe har Yamai. Idan matsala ta auku a wuri ɗaya, jihohi uku ko huɗu ne ke kwana a duhu. To ta yaya za a ce kowa ya yi shirinsa shi kaɗai?

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Mai zuba jarin da zai gina tashar megawat ɗari ba zai ajiye dukiyarsa ba sai ya ga wanda zai sayi wutar na shekara ashirin, ya kuma tabbata za a biya shi. Jiha ɗaya mai ƙaramin kuɗin shiga ba za ta iya tsaya masa ba. Amma yankin da ƙidayar 2006 ta ba kusan mutum miliyan 36, wato ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya, kasuwa ce da kowa zai so ya shiga. Idan kuwa muka ce masa ya nemi lasisi bakwai, ya bi doka bakwai, ya yi ciniki da hukuma bakwai, zai naɗe takardunsa ya tafi Legas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanyar doka a buɗe take. Kowace majalisar jiha ta zartar da doka iri ɗaya da ta 'yan uwanta, ta kafa ofishinta na kula da wuta, sannan dukkan dokokin su amince da hukumar haɗin gwiwa da za ta tsara ƙa'idoji da sayen wuta da manyan ayyuka. Gaskiya ne cinikin wuta tsakanin jiha da jiha yana nan a hannun NERC, babban layin ƙasa kuma yana hannun tarayya. Wannan ma dalili ne na haɗuwa, domin gara mu tunkare su a dunƙule da kowa ya je Abuja da ƙoƙon bararsa. In jihohi bakwai sun yi wuyar haɗawa tashi ɗaya, Kano da Katsina da Jigawa su fara, sauran su shigo. Haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne gare mu: kamfanin NNDC na Kaduna mallakar jihohin Arewa 19 ne. A Amurka ma, hukumar TVA da aka kafa a 1933 ita ta kai wuta ƙauyukan wani yanki mai talauci da ya ratsa jihohi bakwai.

Kada wani ya ce ba mu da abin samar da wuta. Ƙasar nan duka, mai mutum fiye da miliyan 200, megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa a yawancin kwanaki, don haka jiran rabo ba zai taɓa isar mu ba. Amma muna da rana wadda ta fi ta kudancin ƙasar ƙarfi. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 ta nuna abin yana yiwuwa. Muna da madatsun ruwa na Tiga da Challawa da Bakolori da Goronyo da Zobe da Jibiya, waɗanda wasunsu za a iya sa musu injinan wuta, wasu kuma a shimfiɗa sola a kansu ko a gefensu. Bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zai biyo ta Kaduna ya ƙare a Kano. Sannan ga ayyukan da aka bari suna jan ƙafa: tashar Kudenda mai megawat 215 a Kaduna ta haura shekara goma ba ta ba da wutar da aka yi alkawari ba, tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10 ita ma shekaru ta ɗauka ana kai-komo. Abin da ya jinkirta su shi ne rashin uban gida a kusa, wanda zai riƙa bibiya, jama'a kuma su riƙa tuhumarsa.

Ga abin da muke so hukumar ta yi. Ta fitar da tsarin shekara goma, a rubuce da Hausa da Turanci, mai nuna wutar da kowace ƙaramar hukuma take buƙata da inda za a samo ta. Ta sa a gina tashoshi a cikin yankin, waɗanda za su iya riƙe asibitoci da gidajen ruwa da unguwannin masana'antu ko da babban layin ƙasa ya faɗi. Ta tilasta a sa wa kowa mita, domin kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan har yanzu bil na kintace ake kawo musu. Ta kawo ƙarshen karo-karon da unguwanni ke yi don gyaran taransifoma, abin da ƙa'idar NERC da kanta ta ce nauyin kamfani ne. Ta riƙa auna awannin wuta a kowane layi tana bugawa, domin tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, sharaɗin shi ne awa 20 a rana, wanda bai samu ba kuwa haƙƙinsa ne a rage masa. Ta kuma buɗe asusu na musamman don kai ƙananan tashoshin sola ƙauyukan da falwaya ba ta taɓa zuwa ba.

Na san abin da dattawa za su ce: ai NEPA ma ta gwamnati ce, mun ga yadda ta ƙare. Maganarsu gaskiya ce, shi ya sa dole a ɗaure wannan hukuma tun daga cikin doka. Kada ta zama wurin ajiye waɗanda suka faɗi zaɓe. A tallata kujerunta a jarida, a ɗauki injiniyoyi da akantoci da lauyoyin da suka san harkar, a ba su wa'adin da gwamna ba zai iya yankewa ba sai da yardar majalisa. A ba masu masana'antu da 'yan kasuwa da mata masu sana'a kujeru. A hana ta zama mai sayar da wuta kuma alƙalin kanta. A wajabta mata buga lissafin kuɗinta duk shekara, duk wata kwangila kuma a bayyana ta.

Kada kuma a yaudare mu da arahar baki. A 2025 hukumar Enugu ta sauke kuɗin rukunin A daga naira 209 da yake a lokacin zuwa 160, sai rigima ta tashi tsakaninta da kamfanonin samar da wuta da NERC, domin wutar da ake sayarwa daga babban layin ƙasa take zuwa, jiha kuwa ba ita ke yanke kuɗinta ba. Wanda bai samar da wutarsa ba, ba zai iya yanka mata farashin da ya ga dama ba. Mu ma akwai namu laifin. Masu jona waya ta bayan mita, da masu satar man taransifoma da kebul, da dillalan da ke sayen kayan a hannunsu, a cikinmu suke zaune. Ma'aikatun gwamnati da ke tara bashin wuta su ne ya kamata su fara biya. Hukumar da ba a biya ba, ba za ta iya riƙe kowa ba.

Masu girma gwamnoninmu, ku sa wannan batu a kan teburin taronku na gaba, ku fito mana da rana da kasafi. 'Yan majalisun jihohi, ku kira zaman jin ra'ayin jama'a a kowace shiyya, kada a yi dokar a ɓoye. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwanni, tsaron turaku da taransifoma ba zai yiwu ba sai da ku. Malamanmu, ku faɗa a kan mumbari cewa satar wuta da kayan wuta cin haƙƙin jama'a ne. Injiniyoyinmu na jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, ku rubuta daftari ku miƙa tun ba a nema ba. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari, ƙungiyoyin teloli da masu walda da masu casar shinkafa, ku ne kuka san abin da janareta ke ci muku, ku lissafa shi ku kai wa wakilanku a rubuce. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo, ku riƙa tambaya duk mako.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, ku nemi ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, ku tambaye shi inda dokar wutar jiharku ta kwana, da abin da ya yi don a haɗa kai da maƙwabta. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a da taransifoma ɗaya a bayan mota, ku ce masa hukuma kuke so, da doka, da ranar farawa. In bai da amsa, ku nemi mai ita.