Raddi ga Malamin da Ya Ce Rassan Git Ɓata Lokaci Ne

Akwai wani malamin lissafi a Unguwar Mu'azu da yake jagorantar wasu matasa wajen rubuta manhajar rabon gado bisa mazhabar Malikiyya. Matasan sun nemi a koma aiki da Git: kowane gyara a yi shi a reshensa daban, kuma ba zai shiga uwar manhaja ba sai wani ya duba. Malam ya ƙi, ya kawo hujjoji. Allah gafarta Malam, ga amsarsu.

Malam ya ce mutum huɗu ne kacal, don haka tura fayil ta WhatsApp ya wadatar. Yawan mutane ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya shi ne: idan manhajar ta ba da amsar da ba daidai ba yau, alhali watan jiya daidai take bayarwa, wa ya taɓa wane layi, yaushe, don me? Fayil mai suna "na ƙarshe" da ƙaninsa "na ƙarshe na gaske" ba za su amsa wannan ba. Git kuwa yana ajiye kowane canji da sunan mai shi, kuma yana raba tarihin gida biyu yana sake rabawa har ya kama mai laifi. Canji 1,000, gwaji kamar 10 ya isa. Malamin lissafi ya fi ni sanin dalili.

Hujja ta biyu ita ce wadda Malam ya fi jin daɗinta: wai lissafi gaskiya ɗaya ce, biyu da biyu huɗu ne, to me ya kawo rassa? Lissafi ba ya kuskure, amma mai rubuta shi cikin kwamfuta yana yi. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a Amurka, ya gano cewa na'urar Pentium tana kuskuren rabawa a wasu lambobi, abin da ya jawo wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475. Ko yau, a tambayi harshen kwamfuta na Python jimlar 0.1 da 0.2, ba za ta ba da 0.3 cif ba. Gado kuwa duk ɓangarori ne: sulusi, sudusi, tumuni.

Mu ɗauki mas'alar Minbariyya. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asalinta 24: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Jimla 27, sai a yi auli, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. A dukiyar naira 2,700,000 rabonta 300,000 ne. Idan wani yaro, yana gyaran launin shafi da daddare, ya ɓata layin auli bai sani ba, manhajar za ta ba ta 337,500, kuma jimlar rabon ta haura abin da mamacin ya bari. Wannan haƙƙin marayu ne, ba makin jarrabawa ba. Ga kuma mas'alar Mushtaraka, inda Malikiyya ke shigar da shaƙiƙai cikin sulusin li'ummai, Hanafiyya ta hana su. Duk ranar da wani cikin ɗaliban ya so ƙara ra'ayin Hanafiyya, ina zai gwada shi? A cikin fayil ɗin da ake raba wa mutane dukiya da shi? Reshe shi ne wurin gwajin.

Hujja ta uku, batun rashin wuta da tsadar data, ba ta buƙatar dogon zance. Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005 ta yadda kowace kwamfuta ke riƙe da tarihin aikin gaba ɗaya. Buɗe reshe, ajiye canji, haɗawa, duk ba sa neman intanet. Malam ya haɗa Git da GitHub ne, shafin intanet da ake ajiye aikin Git a kai. Ana iya kai wa abokin aiki reshe a filash daga Unguwar Mu'azu zuwa Tudun Wada a Keke Napep.

Hujja ta huɗu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Malam ya ce haɗa rassa yana haifar da cin karo, kuma tsarin yana da sarƙaƙiya. Idan tsarin da Vincent Driessen ya wallafa a 2010 yake nufi, mai rassa iri biyar, to lallai ya yi wa mutum huɗu yawa. Shi kansa Driessen ya ƙara bayani a 2020 cewa ba kowane aiki ya dace da shi ba. Amma ba shi matasan suka nema ba. Uwa ɗaya suke so, da gajerun rassa masu kwana biyu ko uku. Reshen da aka bari ya yi wata uku shi ke kawo rigima. Cin karon ma ba Git ya haifar da shi ba: mutum biyu ne suka canja layi ɗaya, Git ya tsaya ya faɗa. A WhatsApp ma ana wannan karon, sai dai shiru ake yi, na baya ya shafe na farko.

Malam ya kafa hujja da SageMath, manhajar da William Stein ya fara a 2005, wai ta yi shekaru ba Git. Haka ne, amma da Mercurial take aiki, wanda shi ma ma'ajin tarihin canje-canje ne, kuma ba a karɓar gyara sai wani ya duba ya amince. A ƙarshen 2013 suka koma Git da rassansa, a 2023 suka ƙaura GitHub. Shaidar da Malam ya kira, a kansa ta ba da shaida.

Saura zancen cewa dubawa tana jawo jinkiri. A Nuwamba 2023 Terence Tao da abokansa uku suka warware wata matsalar lissafi da ake kira hasashen Marton. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka raba hujjar gunduwa-gunduwa, kowa yana turo nasa ta GitHub, manhajar Lean tana tantancewa, cikin kimanin mako uku aka gama. Da ta WhatsApp suka yi, da har yanzu ana neman fayil na ƙarshe.

Roƙona ga Malam ɗaya ne: a rubuta mas'alolin gado irin su Minbariyya da Mushtaraka da Akdariyya a matsayin gwaji, a hana kowane reshe shiga uwar manhaja sai ya ci su, kuma Malam da kansa ya zama mai duba na ƙarshe.