Daga Bakin Hanya Zuwa Bakin Randa

Ina ɗan shekara tara ko goma duba-gari ya shigo gidanmu a Toranke. Da hantsi ne, cikin bazara. Ya yi sallama, mata suka shige ɗaki, Baba ya yi masa iso. Ya buɗe randa ya leƙa, ya duba rariya, sannan ya tsaya a bakin rijiyarmu ya fara taku yana ƙirgawa har ya kai bakin shadda. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, sun yi kusa. Ka cike wannan ka haƙa wata can bayan rumbu. Na ba ka wata guda. In na dawo ba a yi ba, akwai tara."

Baba ya ce, "To, Allah ya ba mu iko." Daren nan ya daɗe a zaure shi kaɗai. Gero ya kusa ƙarewa, damina na ƙofa, kuma tunkiya ɗaya ce ta rage a turke, wadda ya ajiye don kuɗin iri da noman farko. Ranar kasuwa aka ja ta. Aka biya mahaƙa, aka sayi itacen rufi, aka yi sabuwar shadda. A shekarar, rabin gonarmu ciyawa ta cinye.

Da na girma na gane duba-gari gaskiya ya faɗa. Ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, domin ƙazanta tana bin ƙasa ta gangara cikin ruwan sha. Abin da bai tambaya ba shi ne da me mai gida zai yi aikin. Maƙwabtanmu da ba su da ko tunkiyar sai suka koyi dabara: da an ce yana gari, a ja ƙofa a tafi gona. Doka tana nan daram, shaddarsu ma tana nan kusa da rijiyarsu.

Wannan batu na ruwa da tsafta tsohuwar magana ce a ƙasar Kano. A 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birni, da kuɗin baitulmalin En'e, wato harajin talakawa har da na ƙauyuka irin namu. Daga kogin Challawa ake ɗebo ruwan, a tace, a tura shi Goron Dutse ya gangaro gari. Da farko mutane da yawa ɗari-ɗari suka yi da shi, suna shakkar tsarkinsa. A hankali suka saba, har ya zama abin nema. Gwamna Audu Bako ya zo ya gina madatsun ruwa, ciki har da Tiga da aka gama a 1974. Aka yi matatun Tamburawa da Watari, ga kuma ta Wudil a nan kusa da mu. Duk waɗannan manyan ayyuka ne, kuma su ake nunawa ranar yanke ƙyalle.

Amma ruwa bai zama na mutum ba sai ya shiga randarsa. Babban bututu a bakin hanya yake wucewa. Daga nan zuwa tsakar gida, nauyin mai gida ne: kuɗin fom da na jonawa, kuɗin fayif, gwiwa da gam da kan famfo, ladan mai haƙa rami, ladan mai haɗawa, in kuma akwai titi a tsakani, da kuɗin fasa shi da gyarawa. Duka a dunƙule ake so, rana ɗaya. Mutumin da yake iya biyan 'yan garuwa kuɗin jarka biyu kullum, shekara da shekaru, ba ya iya tara kuɗin jonawa a wata guda. Ƙarshenta mai ƙaramin ƙarfi ne yake sayen ruwa mafi tsada a unguwa, domin jarka-jarka yake saye, maƙwabcinsa mai hali kuma yana murɗa famfo.

Na ga wannan da idona a layin su Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Shekarun baya aka samu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama. Murna ba a magana. Sai kwamitin unguwa ya lura cewa famfon bakin tanki ya zama wurin rigima, yara na faɗa, ruwa na kwanciya, sauro na ƙyanƙyasa. Aka yanke cewa kowane gida ya ja nasa, bayan wata uku za a rufe na waje. Kowa ya sayi fayif daga babban layi zuwa ƙofarsa.

A baki, hukuncin adalci ne. A ƙasa kuwa, gidan da ke bakin hanya fayif 2 ya ishe shi, gidan Gwaggo da ke ƙarshen lungu sai 23. Mijinta ya rasu, jikoki huɗu ne a gabanta, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na same ta a tsakar gida ta baje kwanukan jerenta na aure tana gogewa da toka. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Ɗan nan, kasuwa za su. Ruwa ya zo har ƙofar gari, ni kuma zai fi ƙarfina? Gara kwano ya tafi da a ce gidana ne kaɗai ba famfo." Abin da ya fi kuɗin yi mata ciwo shi ne kunya.

Na tafi wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, nisa ba laifin mutum ba ne. Gwaggo ba ita ta zaɓi inda aka kafa tanki ba." Ya yi shiru, sannan ya sa aka kira 'yan kwamiti bayan la'asar. An daɗe ana ja. Wani da ke bakin hanya ya ce shi don me zai biya wa wani fayif. Liman ya tambaye shi, in amai da gudawa ya kama yaran ƙarshen lungu, a ƙofar wa zai tsaya? Daga nan magana ta sauya. Aka haɗa tsawon layin gaba ɗaya aka raba wa gidaje daidai. Aka ce haƙa ta zama aikin gayya, samari su fito da diga da shebur ranar Asabar, mata su dama kunu. Aka ɗaga biya zuwa kaka, mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai hatsi ya auna. Mata suka kafa adashi don kan famfo. Famfon waje kuma aka ce ba za a rufe shi ba sai gida na ƙarshe ya samu. Kwanukan Gwaggo suka koma ɗaki. Ranar da ruwa ya fara zuba a gidanta, ta tara hannu biyu ta sha, ta yi alwala, ba ta ce komai ba sai hamdala.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A Amurka akwai garuruwan da, in bututun kwashe ƙazanta ya iso layi, doka take tilasta wa mai gida ya rufe ramin gidansa ya jona, ya biya dubban daloli. Inda hukuma ta yi tunani, sai ta raba kuɗin a shekaru ana biya tare da harajin gida. A Nijar, bayan gyaran tsarin ruwan birane na 2001, an yi shirin jona famfo mai rangwame, ana ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi babban kaso na kuɗin, kuma gidaje da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram ta wannan hanyar suka samu ruwa. Sun gane cewa talaka yana iya biyan kuɗin wata-wata. Ƙofar shiga ce take yi masa tsawo.

Mu a Ajingi da Gaya babu babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa, kowane gida da shaddarsa ko ramin bayan gidansa. Duk da haka tilas ɗin tana tafe. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin hana bahaya a fili, aka sa 2025 a matsayin wa'adi. A 2022 aka ayyana Jigawa, maƙwabciyarmu, jiha ta farko da ta cim ma wannan buri. Dalilin buƙatar irin wannan doka kuma ba ɓoyayye ba ne: a 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Wanda ya taɓa ɗaukar yaro a kafaɗa cikin dare yana neman inda za a ƙara masa ruwa ba zai yi musun dokar tsafta ba. Ni ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari.

Roƙona ga masu yanke hukunci, daga kwamitin unguwa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, shi ne kafin a sa wa'adi a taka a je gidan ƙarshen lungu a zauna a yi lissafi da mai shi. A raba nisa tsakanin kowa, tunda amfanin na kowa ne. A bar manomi ya biya da kaka, ɗan kasuwa ya biya kaɗan-kaɗan. A ware gidajen marayu da tsofaffi a ɗauke musu. A tabbata ruwan yana zuwa kafin a karɓi kuɗin mutane, domin wanda ya sayar da akuya ya jona busasshen bututu, ba za a sake shawo kansa ba. Tara ta zo daga ƙarshe, ga mai hali da ya ƙi.

Mu ma masu gida akwai namu. Famfon da aka ja da gayya, da kuɗin wata yake rayuwa. In injin ya lalace asusu babu komai, an koma guga da igiya.

Duk lokacin da na je Toranke nakan leƙa bayan rumbun nan. Shaddar da Baba ya haƙa ta daɗe da cika, an yi wata, amma rijiyarmu har yau ruwanta garau. Duba-gari ya cece mu daga ciwo, Allah ya saka masa. Da a ce ya zauna a zaure ya ce, "Malam, a bari sai kaka, kafin nan ku riƙa tafasa ruwan sha," da mun tsira da lafiyar, mun tsira da tunkiyar, kuma da maƙwabtanmu ba su ja ƙofa sun gudu gona ba.