Ra'ayinmu: Karan Dawa Ba Shara Ba Ne

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar samar da man mota daga tsirrai ta sake tasowa. Mu da muke Katsina, inda gonaki kan cika da karan dawa da na gero kowace kaka, ya kamata mu fahimci zancen kafin mu yi guɗa.

Kara dai sukari ne a ɗaure. Bangon ƙwayoyin halittarsa zaruruwan selulos ne, waɗanda wani abu mai tauri da ake kira lignin ya lulluɓe. Duk wanda ya kwance wannan ɗauri ya sami sukari, daga sukari kuwa ake yin man etanol. Masu kwancewar su ne sinadaran inzayim, irin waɗanda wata funfuna ke fitarwa, wadda aka gano tana cinye tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 2011 masana a ƙasar Japan suka ɗauki hoton motsin waɗannan sinadarai a kan zaren selulos. Sai ga su suna tafiya a jere. Da zarar na gaba ya ci karo da cikas, na baya sai su cunkushe, tamkar motoci a Ƙofar Ƙaura da yamma. Wannan cunkoso yana cikin abin da ke rage saurin aikin, ya ƙara masa tsada. Ko a Amurka, masana'antar da kamfanin DuPont ya buɗe a jihar Ayowa a 2015 don sarrafa karan masara, an rufe ta a 2017.

Sa'an nan karanmu yana da masu shi. Da shi ake danga, da shi ake girki, shi ne abincin shanu da rani, abin da ya rage kuma ya zama taki. Wanda zai kwashe shi zuwa masana'anta, to, ya fara gaya mana me zai bar wa gonar.

Amma ba mu ce a naɗe hannu ba. Gara ta daɗe tana narkar da itace, tumbin saniya kuma yana narkar da kara kullum. Ga shuri a bayan gari, ga tumbi a kwata. Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su zaɓi ayyukan bincikensu na shekarar ƙarshe daga nan, su gwada su a kan karan dawarmu, hukumar jami'a kuwa ta tallafa musu da kayan aiki.