Shawara Ga Mai Gida: In Fitilar Injin Ta Kama

A wannan wata za mu yi magana a kan ƙaramar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da siffar injin, wadda takan kama a gaban direba.

Kwanan baya motarmu ta soma rawa in ta tsaya, fitilar kuwa ta kama. Bakaniken da muka fara zuwa wurinsa ya ce a cire kan batir, fitilar za ta mutu. Ta kuwa mutu, amma bayan kwana biyu ta dawo. Wanda ya kashe fitila bai yi gyara ba, ya rufe bakin mai ba shi labari ne kawai.

Tun shekarar 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tana da kwamfuta mai rubuta laifin injin da lamba. A Turai motocin fetur sun bi sahu a 2001. Galibin motocin da ake kawo mana na hannu irinsu ne. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16. Nan ake jona na'urar bincike, ita kuwa ta nuna lambar.

Tamu ta nuna P0302. Ga fassararta. P na nufin injin ko giya. 0 na nufin ma'anar lambar ɗaya ce ga kowane kamfani. 3 na nufin sashen ba da wuta. 02 kuwa silinda ta biyu ce. Wato fetur ba ya ƙonewa daidai a silinda ta biyu.

Ku lura da kyau. Lambar ta faɗi inda ciwo yake, ba ta faɗi abin da ya lalace ba. Yana yiwuwa fulogi ne, ko koyil, ko nozul, ko kuwa silindar ce ta rasa matsi. Mutane da yawa sukan sayi dukan waɗannan gaba ɗaya, kuɗin makarantar yara ya tafi a banza.

Bakanike na biyu ya yi dabara. Ya musanya koyil na silinda ta biyu da na ta uku, ya share lambar, muka zaga da motar. Sai na'urar ta nuna P0303. Laifin ya bi koyil ɗin ke nan. Shi kaɗai muka saya. Da lambar ba ta sāke ba, da fulogi za a musanya, daga nan nozul.

To, ga abu uku da za ku riƙe. Na ɗaya, in fitilar tana ƙyaftawa, ku rage gudu ku nemi wurin tsayawa, gama ɗanyen fetur yana iya ƙone matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ita kuwa da tsada. Na biyu, ku rubuta lambar a takarda kafin a share ta. Na uku, in za ku sayi mota, ku murɗa makulli ba tare da ta da injin ba. Dole fitilar ta kama. In ba ta kama ba, wataƙila wani ya kashe ta domin ya ɓoye laifi.

Sai wata mai zuwa. Ku sauka lafiya.